Ina so masu taya ni aiki da maigida su ga kalandata, amma ba duka ba

"Assalamu alaikum. Ina sana'ar girkin biki da suna a Kano. Ina da mata biyu da ke taya ni aiki, da wani yaro mai kai kaya. Duk aikin da na karɓa a Google Calendar nake rubuta shi a wayata. To amma a nan ɗin dai nake rubuta ranar awo, da ranar zubin adashi, da sunayen waɗanda nake bi bashi. Ina so masu taya ni su riƙa ganin ranakun aiki ba sai na yi ta bugun waya ba. Maigida ma ya ce yana so ya riƙa sanin ranar da ba na gida. Wata ƙawata ta ce kawai in ba su kalmar sirrin imel ɗina su shiga. Hakan daidai ne? In kuma na raba musu kalandar, me za su gani, me ba za su gani ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma sauke ki lafiya. In na fahimce ki da kyau, mutum huɗu ne kike so su riƙa duba jadawalinki, kuma ba abu ɗaya kowannensu ke bukata ba. Masu girki suna bukatar sanin rana da yawan abinci, mai kai kaya yana bukatar wuri da lokaci, maigida kuma ranakun fitarki yake son sani. A gefe guda akwai lafiyarki da harkar kuɗinki, waɗanda ba ruwan ma'aikata da su.

Amsata a gajarce ita ce kada ki ba kowa kalmar sirrinki, kuma kada ki raba wannan kalandar da kike amfani da ita yanzu. Ki buɗe wata sabuwa ta aiki zalla a cikin asusunki, ita za ki raba. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba sai kin buɗe sabon imel ba. Ga dalilaina.

Shawarar ƙawarki

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma mutane da yawa haka suke yi. Sai dai kalmar sirrin Gmail ba ta kalanda ba ce kaɗai. Ita ce ke buɗe wasiƙunki, da hotunan da wayarki ke ajiyewa a Google Photos, da lambobin mutanenki, da takardun da ke Google Drive. In kin kunna ajiyar WhatsApp a wayar Android, kwafin hirarrakinki ma a wannan asusun yake zaune. In bankinki na turo miki sanarwar shiga da fitar kuɗi ta imel, ita ma tana nan. Kai, wanda ya shiga asusun zai iya ganin inda wayarki take a taswira, har ya goge ta daga nesa, domin Google ya tanadi wannan saboda ranar da aka sace waya. Sannan in mutum huɗu suna shiga da suna ɗaya, ranar da aka goge aikin wani ɗaurin aure, ba za ki san hannun wa ba ne. Kowa zai rantse, kuma na'urar za ta nuna ke ce kika goge.

Abin da rabon kalanda yake nufi

Google Calendar ta fito a 2006, kuma tun farkonta an gina ta ne don a iya nuna wa wani jadawali ba tare da an ba shi makullin asusu ba. Za ki rubuta adireshin imel ɗin mutum, ki zaɓa masa matsayi, saƙo ya je masa, ya amsa, sai kalandar ta bayyana a wayarsa a ƙarƙashin nasa asusun. Matsayin da aka daɗe da sani huɗu ne. Mafi ƙanƙanta, mutum ya ga cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kina da uzuri, ba tare da ya ga ko mene ne ba. Na biyu, ya karanta komai, suna da wuri da bayani, amma ba zai iya taɓa komai ba. Na uku, ya ƙara, ya gyara, ya goge. Na huɗu, duk wannan, har da ikon shigo da wasu mutane ko fitar da su. Wannan na ƙarshe, a sana'a irin taki, ban ga wanda ya cancance shi ba in ba ke ba.

Outlook na kamfanin Microsoft yana da wani matsayi a tsakiya da nake sha'awa, inda mutum zai ga taken abu da wurinsa kawai ba tare da cikakken bayani ba. Na Apple kuwa ya fi taƙaita zaɓi: ko mutum ya duba kawai, ko ya duba ya gyara. Tunda Google kike kai, kuma ina kyautata zaton ma'aikatanki wayoyin Android gare su, ki zauna inda kike.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, izinin da kika bayar yana hawa kan kalanda ne gaba ɗayanta, ba kan abu ɗaya-ɗaya ba. Kuma ba daga yau yake farawa ba. Wanda kika ba damar karantawa zai iya komawa baya wata shida, shekara biyu, ya karance duk abin da kika taɓa rubutawa. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Na sha zama da masu ƙananan ofisoshi da makarantu ina shirya musu wannan, sai in ce wa mai wurin ya ɗan gangara baya a kalandarsa kafin mu danna rabawa. Ba kasafai yake nisa ba zai ce in dakata.

Me ya sa ba za a ɓoye na sirrin kawai ba?

Za ki iya tambaya, ai akwai wurin da ake sa wa abu alamar sirri, me zai hana in sa wa ranar awo wannan alamar in raba sauran? Akwai shi kuwa. Duk abin da kika rubuta, za ki iya barin sa a yadda kalandar take, ko ki sa shi na kowa, ko na sirri. In kin sa na sirri, wanda ke da izinin karantawa zai ga kina da uzuri a wannan lokacin, ba zai ga sunan abin ba.

Matsala biyu ce. Ta farko, wanda kika ba cikakken izinin gyara yana ganin har na sirrin. Wato da zarar kin ce babbar mai taya ki ta riƙa shigar da aiki da kanta in kina kan murhu, alamar sirrin ta daina aiki a kanta. Ta biyu ta fi ƙarfi a wurina: tsarin ya dogara ne da cewa ba za ki taɓa mantawa ba. Ranar da kike tsaye a layin asibiti, nas ta faɗa miki ranar dawowa, kika rubuta da sauri kika jefa wayar a jaka, wannan ranar ce za ki manta danna alamar. Shike nan, ya fita. Duk tsarin da sai mutum ya tuna kullum kafin sirrinsa ya tsira, ba na ba da shawararsa.

Gidan Bahaushe ya riga ya warware wannan. Ba a shigar da baƙo uwar ɗaka sannan a bi kaya ana lulluɓewa da zane, a zaure ake tarbarsa. Kalandar aiki ita ce zaurenki. Ki buɗe ta, ki sa mata suna kamar "Aikin girki", ki ba ta launi mai tsananin bambanci da na taki, misali ja da kore, domin idonki ya riƙa gaya miki inda abu ya faɗa. A wayarki za ki ga duka biyun a haɗe a shafi ɗaya, don haka ba za ki karɓi aikin walima ranar da likita ya ce ki dawo ba. Su kuwa ɗaya kawai za su gani, ba ma za su san akwai ta biyu ba.

Buɗe sabuwar kalanda da saita rabonta ya fi tabbas a kwamfuta. In babu, ki buɗe shafin kalandar a Chrome na wayarki ki zaɓi a nuna miki shi irin na kwamfuta. Rubutun zai ƙanƙance amma zai yi. Kamfanin yana yawan sauya wurin maɓallai da ƙara wasu a manhajar waya, shi ya sa ban tsaya lissafa miki danna nan danna can ba. In a shagon intanet kika yi, ki tabbata kin fita daga asusunki kafin ki tashi. Ayyukan da kika riga kika rubuta a tsohuwar kalanda, ki buɗe kowanne ki canza masa kalanda zuwa sabuwar, na gaba kawai, ba sai kin kwaso na baya ba.

Kuskure ɗaya zai riƙa neman faruwa: duk sabon abin da za ki rubuta, ki dubi sunan kalandar da ke sama kafin ki ajiye. In aiki ya faɗa taki ta sirri, ma'aikata ba su gani ba, za ki gane da wuri domin za a kira ki. In awo ya faɗa ta aiki, ba wanda zai kira ki ya faɗa miki.

Wa za a ba me

Babbar mai taya ki, in kin yarda da ita kuma tana karɓar aiki a madadinki, ki ba ta izinin gyara. Ta biyun karantawa ya ishe ta. A saitin kalandar akwai inda za ki ce a riƙa turo miki imel duk lokacin da aka ƙara abu, ko aka canza, ko aka soke, ki kunna. Abin da aka goge kuma yana zama a kwandon shara na kwana 30 kafin ya ɓace, don haka in an goge bisa kuskure ana iya dawo da shi.

Yaron da ke kai kaya, ni da ni ce ke, ba zan ba shi kalandar ba sam. Ba zargi ba ne. Bukatarsa ita ce aikin yau da na gobe, ba jerin gidajen da za a yi biki daga nan zuwa bayan Sallah ba. Ki gayyace shi cikin aikin da ya shafe shi kaɗai, ko ma ki tura masa adireshin ta WhatsApp da safe. Wayar samari tana yawo a hannun abokai, ana caji da ita a shago, ana sayar da ita ba a fita daga asusu ba.

Ki kuma lura da abin da kike rubutawa ko a kalandar aikin. "Kamu, Asabar, mutum 200, waina da miyar taushe, sinasir, zoɓo" ya wadatar da mai girki. Nawa aka yi ciniki, nawa aka ba da kafin alƙalami, nawa ya rage, wannan ki bar shi a littafinki ko a taki kalandar. Lambar wayar uwar amarya da kwatancen gidanta ma amana ce a hannunki. Gidan biki wuri ne da kowa ya san akwai kuɗi da gwala-gwalai da lefe, kuma a halin tsaron da ake ciki, bayanin wane gida, wace rana, ƙarfe nawa, ba abin sakaci ba ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, akwai kuma hukuma mai kula da ita. Ni ba lauya ba ne da zan faɗa miki iyakar abin da ta ɗora wa mai ƙaramar sana'a, amma ginshiƙinta shi ne kada ka tara bayanin mutum fiye da bukata, kada kuma ka nuna wa wanda ba ya bukata. Ko babu doka wannan mutunci ne.

In za ki gayyaci masu biki da yawa cikin abu ɗaya, ki sani cewa a yadda Google ya saita, kowane wanda aka gayyata yana ganin jerin sauran, kuma yana iya gayyato wani. Akwai akwatuna ƙanana a gefen jerin, ki cire alamar waɗannan biyun.

Maɓallai biyu da ba naki ba ne

A shafin saitin za ki ga wani akwati na mayar da kalanda ta kowa da kowa. An yi shi ne don irin jadawalin wasannin ƙwallo, ko ranakun hutun makaranta, ko karatuttukan masallaci. In kika danna shi, duk mai intanet zai iya ganin kalandar, har ta iya fitowa a binciken Google. A 2019 wani mai binciken tsaron intanet ɗan Indiya, Avinash Jain, ya nuna cewa da binciken Google kawai ya samo kalandu fiye da 8,000 a buɗe haka, wasu na kamfanoni, da bayanan tarurrukansu a ciki. Ba kutse aka yi musu ba. Masu su ne da kansu suka danna wannan akwatin. Ki kuma sani, in izini biyu suka ci karo, mafi faɗi ne ke rinjaye: in kalandar a buɗe take ga duniya, taƙaita wa mutum ɗaya ba ya hana shi komai.

Na biyun yana can ƙasa, wani dogon adireshi ne da ake kira na sirri. Kalandun kamfanoni daban-daban suna fahimtar juna ne ta wani tsari mai suna iCalendar da aka kafa tun 1998, kuma wannan adireshin an yi shi ne don ke da kanki ki karanta kalandarki a wata manhaja. Duk wanda ya riƙe shi yana karanta komai, ba a tambayarsa suna ko kalmar sirri, sunansa kuma ba zai fito a jerin waɗanda kika raba wa ba. In an tura shi gaba, ba za ki sani ba. In kin taɓa ba wani, akwai maɓallin sabunta shi a gefensa, da kin danna tsohon ya mutu. Kalandar iPhone ma tana da irin wannan adireshin na kowa da kowa, kuma shi ne mai iPhone ke komawa gare shi in yana so mai Android ya gani, domin rabon sirri na Apple sai da asusun Apple. In maigida iPhone gare shi, ya sauke Google Calendar ya shiga da nasa Gmail ɗin, magana ta ƙare.

Batun maigida

Abin da ya nema shi ne sanin ranar da ba kya gida, kuma kalandar aiki da izinin karantawa ta biya wannan. In kina so ya ga sauran fitarki ma, hanya biyu ce. Ko ki raba masa taki ta sirri a matsayi mafi ƙanƙanta, ya ga lokutan da kike da uzuri kawai, ko ku buɗe ta uku ta gida, ku biyun kuna rubutawa: awo, rigakafin yara, ranar biyan kuɗin makaranta, bikin dangi. Na fi son hanya ta biyun, domin mutumin da yake ganin "akwai uzuri" ba bayani, zai tambaya ne dai, kin ga ba a rage komai ba. Sannan kalandar gida tana ɗora masa shi ma ya rubuta nasa tafiye-tafiyen.

Amma nawa ne miji zai gani a harkar matarsa, wannan ba tambayar kwamfuta ba ce, tsakaninku ne. Abin da zan iya cewa daga abin da na gani shi ne, sunayen masu bashi sirrin wasu ne ba naki ke kaɗai ba. Wataƙila a ciki akwai matar abokinsa, ko ƙanwarsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan jerin ma ban so yana cikin kalanda ba tun farko, ko ta wa ce.

In maigida ma'aikaci ne mai imel na ofis, ya karɓi rabon da nasa na kansa. Asusun da ma'aikata ta buɗe wa mutum mallakarta ne, masu kula da na'urorinta suna da iko a kansa, kuma ranar da ya bar aikin za a rufe shi.

Inda sirri ya fi zubewa

Duk wannan saitin zai tafi a banza in wayar da kanta a buɗe take. Mafi yawan abin da aka kawo min na "an ga abin da na rubuta" ba ta hanyar rabon kalanda ya fita ba. Sanarwa ce ta faɗo a fuskar waya tana ajiye a kan tabarma ana tsakiyar fere albasa, kowa ya karanta "awo gobe ƙarfe tara". A saitin wayar akwai inda za ki ce a ɓoye abin da sanarwa ta ƙunsa har sai an buɗe makulli. Ko kuma tsohuwar waya ce aka ba ƙane ko ɗa, asusun yana ciki, kalandar tana ci gaba da sauka a can.

Sai babbar tambaya: wa ya buɗe miki Gmail ɗin? Mata da yawa a kasuwar waya aka buɗe musu ranar da aka sayi wayar, mai shagon ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar ce ma aka sa. In haka ne naki, kafin ki taɓa kalanda ki canza kalmar, ki duba cewa lambar da ake dawo da asusu da ita taki ce, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarki kafin a shiga, sannan ki duba jerin na'urorin da ke cikin asusun ki fitar da duk wadda ba ki gane ba. A nan kusa akwai jerin manhajojin da kika taɓa ba izinin shiga asusunki. Wadda ba kya amfani da ita, ki cire.

Wani abu kuma, ko da yake bai shafi rabo kai tsaye ba: 'yan damfara suna turo gayyata ta kalanda, ki wayi gari ki ga "kin ci kyauta, danna nan" zaune a jadawalinki kamar ke kika rubuta. Kada ki danna. A saiti ki zaɓi kada gayyata ta hau kalandarki sai daga wanda kika sani, ko sai kin amsa ta.

Abin da saiti ba zai iya ba

Wanda kika ba damar karantawa zai iya ɗaukar hoton allon ya tura wa wanda ya ga dama, ko ya kwafe sunayen masu ba ki aiki a takarda ranar da ya yanke shawarar buɗe nasa girkin. Babu maɓallin da ke hana wannan, shi ya sa na dage a kan rage abin da kike rubutawa. Google kansa ma yana riƙe da bayanan a na'urorinsa. Kalandar asusun kyauta ba a kulle take ta yadda kamfanin ba zai iya kaiwa gare ta ba. Akwai masu yin irin wannan kullewar, kamar Proton na ƙasar Suwizalan, amma ga mai girki da ma'aikata uku a kan Android, wahalar ƙaura ta fi amfanin.

Ranar da wata ta bar aiki, ko da lafiya aka rabu ko aure ta yi, a ranar za ki shiga jerin waɗanda kika raba wa ki cire sunanta. Kalandar za ta ɓace daga wayarta da zarar ta hau intanet. Sai dai ayyukan da kika gayyace ta ciki ɗaya-ɗaya ba sa tafiya da wannan cirewar, domin gayyata daban take da rabo. Waɗannan sai kin buɗe kowanne na gaba kin cire ta daga jerin waɗanda aka gayyata, haka ma yaron kai kaya in ya tafi.